Yadda Zaka Haɗa Takardun Kamfanin Dakon Kaya Kafin Tirelarka Ta Hau Titi

Yawancin mutanenmu da suke shiga harkar manyan motoci da mota suke farawa, takarda sai daga baya in an tuna. Mutum ya tara kuɗinsa ya sayi kan DAF ɗan Beljiyam, ya haɗa masa bodi, ya samo direba ta hannun wani ɗan uwa, cikin sati ɗaya an ɗora masara a Dawanau an nufi Legas, alhali takardun da ke cikin motar har yanzu sunan mai ita na farko ne a jiki, inshorar kuma wani yaro ne ya bugo ta a bakin ofishin lasin. A haka mota zata yi ta tafiya tana dawowa har mutum ya ɗauka ai komai daidai yake, sai ranar da aka tsare ta a Jebba ko Ogere da kayan mutane a kai, ko Allah ya kiyaye ta faɗa kan wani, a ranar ne ake gane cewa motar miliyoyi ce amma babu takarda ɗaya da zata tsaya wa mai ita. Kuma ba maganar kamu kaɗai bace, manyan kamfanonin da suke bada lodi mai tsoka, na siminti da taki da fulawa da lemo, basa ba mutum aiki don yana da mota, suna ba kamfani ne mai rajista da lambar haraji da inshora, shi yasa zaka ga mai mota biyar yana aiki a ƙarƙashin wani wanda bashi da ko taya ɗaya, shi dai takardunsa sun cika, yana zaune yana yankar kasonsa a kowane lodi. Wannan abin yana min ciwo sosai, don kusan duk abin da wancan yake da shi kai ma zaka iya samu.

Toh abu na farko rajistar kamfani ce a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, kuma yanzu ta intanet ake yin komai, da lambar NIN ɗinka da lambar waya da adireshin ofis. Hanya biyu ce, ko kayi rajistar sunan kasuwanci kawai, ko kayi cikakken kamfani wato limited. Ta farko tafi araha da sauri, mai shago ko mai ɗinki ta ishe shi, amma mai tirela ni shawarata ya daure yayi limited. Dalili kuwa, a sunan kasuwanci kai da kasuwancin abu ɗaya ne a idon doka, in motarka ta yi ɓarna aka kai kotu aka yanke diyya, gidanka da gonarka duk suna cikin abin da za'a iya bi. Limited kuwa doka tana ɗaukarsa kamar wani mutum ne daban, bashinsa nasa ne, sai dai in kai da kanka ka sa hannu ka tsaya masa kamar yadda bankuna suke sa mutane suyi in zasu bada rance. Da can sai mutum biyu ake buɗe limited, amma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma zai iya, kuma mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa ga ƙaramin kamfani naira 100,000 ne. Ka tabbata a cikin ayyukan da aka rubuta wa kamfanin an sa sufuri da dakon kaya ƙarara, kar lauya ko ejan ya kwafo maka na wani kamfanin gine-gine ya manna.

Akwai wani amfanin limited da mutane basa kawowa a rai sai an yi rasuwa. Gidaje nawa muka sani da Alhaji ya rasu ya bar motoci, duk da sunansa, aka jera su a garaji ana jiran rabon gado, shekara ta zagayo tayoyi sun sace batir ya mutu direbobi sun watse, kafin a gama magana motocin sun zama na 'yan gwangwan. In da sunan kamfani suke, hannun jari ake rabawa magada yadda shari'a ta tsara, motoci kuma suna kan hanya suna aiki. Haka in haɗin gwiwa kuka yi da ɗan uwa ko aboki, a rubuta kason kowa tun ranar farko, wannan ba rashin yarda bane, addini ma cewa yayi a rubuta. Bayan rajista kuma kar ka manta duk shekara ana shigar da bayanan shekara a CAC, in ka bari suka taru za'a nuna kamfaninka a shafinsu a matsayin wanda baya aiki, kuma duk mai son baka kwangila nan yake fara dubawa. Daga nan sai ka buɗe asusun banki da sunan kamfanin, kuɗin lodi ya dinga shiga can, ba asusunka na cefane ba.

Sai ita motar kanta. Kafin ka biya ko sisi, takardun kwastan zaka fara nema, kuma ba kallon takardar kawai zaka yi ba, ka sunkuya da kanka ka karanta lambar shasi a jikin ƙarfen ka gwada da wadda ke takarda harafi bayan harafi, sannan ka kai ofishin kwastan a duba maka a kwamfuta ko an biya diyuti da gaske kuma an biya cikakke. Tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ruwa kaɗai aka yarda, don haka duk motar da aka ce maka ta shigo ta tudu kwanan nan kuma ga takardunta tsaf, ka tsaya kayi tunani sosai. Jami'an kwastan na sintiri, irin na shiyya ta B da ke da hedikwata a Kaduna, suna iya tsare mota ko ta shekara nawa a hannunka, kuma cewa ai nima saya nayi baya fitar da kai. In ta hannu ce kake saya a nan gida, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a haɗa da takardar rantsuwa ta kotu, a je ofishin lasin a canza sunan mallaka ya koma na kamfaninka. Mutane suna ƙyashin wannan ɗan kuɗin canjin suna, amma ranar da za'a biya inshora ko a karɓo mota daga hannun 'yan sanda, wanda sunansa ke takarda shi ake nema, kai kuma wataƙila mutumin ya bar gari ko ya rasu.

Rajistar lamba a ofishin lasin na hukumar tara kuɗin shiga ta jiharka ake yi. Motar haya lambarta mai jan rubutu ce, mai shuɗin rubutu ta motar gida ce, kar wani ya ce maka duk ɗaya ne. Abin da direbobi suke kira fatikula ya haɗa da lasin mota da ake sabuntawa duk shekara, da takardar shaidar lafiyar mota daga VIO wadda a wasu jihohin ta motar haya wata shida take yi ba shekara ba, da shaidar mallaka, da inshora, sai izinin haya da na manyan motoci wanda sunansa da farashinsa sun danganta da jiha. Dan Allah kaje da kanka ko ka tura ma'aikacinka amintacce cikin ofis, ka biya ta banki ka riƙe rasit. Yaran da suke tare mutane a bakin ƙofa suna cewa kawo in yi maka sauri, wasunsu na ƙwarai ne, amma ta hannunsu yawancin takardun bogi suke fitowa, kuma lambar mota ma akwai ta jabu, zaka iya shiga shafin hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wato rod sefti, ka rubuta lambar ka gani ko tana cikin rajista.

Inshora kam bari in ɗan tsaya a kanta don nan aka fi cutar masu motoci. Wadda doka ta wajabta ita ce ta ɓarnar da motarka zata yi wa wani, kuma tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta sa kuɗinta ga manyan motocin dakon kaya naira 100,000 a shekara, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 5, sannan abin da ya shafi rauni ko rasa rai shima tana biyansa daban. Toh in wani ya kawo maka takardar inshorar tirela a dubu goma sha biyar, kaga ai ka san abin da ka saya, takarda ce kawai ta nunawa a shingen hanya, ranar haɗari babu kamfanin da zai san da zamanka. Dubawa kuma ba wuya, ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar motar, ko ka shiga rumbun bayanan inshora na NIID, in bata fito ba toh babu ita. Masu ƙyamar inshora saboda addini, yanzu akwai kamfanonin takaful masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful, tsarin taimakekeniya ne, ka je ka zauna dasu su yi maka bayani.

Amma ka sani wannan ta dolen bata biyan motarka in ta lalace, bata kuma biyan kayan da ke kai. Na mota sai ka yi cikakkiyar inshora, wadda ake lissafawa da darajar motar, tana da tsada amma in rancen banki ne ko mota ɗaya tal gareka wadda duk jarinka ke ciki, ni ina ganin ta zama dole. Na kaya kuma ita ce inshorar kaya a kan hanya da ake kira GIT, kuma kusan duk babban kamfani sai ya ganta kafin ya baka lodi. Ka karanta sharuɗɗanta da kyau ko ka sa wanda ya iya ya karanta maka, wasu basa biya in an yi tafiyar dare, wasu basa biya in direban ne ya karkatar da kayan, wasu sai da na'urar bibiyar mota a jiki, kuma dukkansu in aka samu obalodi ko direba mara lasin da ya dace, shikenan sun samu ƙofar zillewa.

Wannan ya kawo mu kan direba. Tirela mai kai da bodi lasin aji G ake tuƙa ta da shi, ba irin na ƙaramar mota ba, kuma da yawan direbobinmu ƙwararru ne tun suna yaran mota suka koya amma lasin da ke aljihunsu ko ya mutu ko na wani aji ne ko kuma bugun kasuwa ne. Ka karɓi lasin ka duba lambarsa a shafin FRSC, in babu ka taimaka masa yayi na gaske, ana yin na shekara 3 ko 5, kuma sai ya je da kansa an ɗauki hotonsa da yatsunsa, duk lasin da aka kawo wa mutum gida bai je ko'ina ba akwai matsala. Ku rubuta yarjejeniya, albashi nawa, kuɗin hanya nawa, gas lita nawa zuwa Legas da dawowa, waye zai biya tarar da ta samo asali daga laifin tuƙi waye zai biya wadda ta samo asali daga takardun mota, a samu mai tsaya masa wanda aka san gidansa. A gwada idonsa a asibiti. Maganar ƙwaya kuma kar ka ji kunyar yinta, kuma kaima mai mota kar ka zama sanadi, in ka matsa wa mutum ya sauke a Legas ya juyo ba barci, kai ka tura shi wajen masu sayar da ita.

In motocinka sun kai biyar, hukumar FRSC tana ɗaukarka a matsayin mai rundunar motoci, kuma dole ka shiga tsarinsu na RTSSS wanda aka fara tun 2007. Zaka yi rajista a ofishinsu na jiha, ka naɗa mutum ɗaya a matsayin jami'in kula da lafiyar tuƙi na kamfani, ka dinga ajiye bayanan direbobi da na gyaran kowace mota da na haɗurra, ka dinga tura direbobi horo, su kuma suna zuwa duba garejinka da motocinka kafin su baka shaida. Ko motarka biyu ce ka fara ajiye waɗannan bayanan a littafi tun yanzu, zasu yi maka amfani wajen gane wace mota ce take cin kuɗi. Na'urar taƙaita gudu ma dole ce ga motocin haya, tun Fabrairun 2017 aka fara kamu a kanta gadan-gadan, kuma gudun da aka yarda wa tirela da tanka kilomita 60 ne a awa a babban titi mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi, 45 a cikin gari. Sauran kayan da ake tambaya a hanya sanannu ne, abin kashe gobara mai girman da ya dace da motar kuma wanda bai mutu ba, alamar tsayawa mai kusurwa uku, safayar taya, jak, fitilu masu aiki gaba da baya, da tef mai ƙyalli a jikin bodi don masu tahowa da dare su hango. Tayoyi ma ana duba shekarar da aka ƙera su a jikinsu.

Abu ɗaya da nake roƙon duk mai mota ya hana direbansa da babbar murya shi ne ɗaukar mutane a saman kaya ko saman shanu. Doka ta hana, rod sefti suna kamawa, amma ba don kamun nake faɗa ba, duk wanda yake bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ko ta Mokwa ya san yadda ake kwasar gawarwakin 'yan uwanmu in irin wannan motar ta kife, talakawa ne masu neman sauƙin kuɗin mota, kuɗin kuma ko aljihunka baya zuwa, na direba ne da ɗan kamasho, amma sunanka ne a takardar motar.

Obalodi shima haka. Akwai dokar tarayya ta 2018 kan nauyi da girman manyan motoci wadda ta bi tsarin ECOWAS, kuma masu shiga Nijar sun fi kowa sanin zafinta, don can ana aiki da ƙa'idar ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen Yammacin Afirka masu kuɗin sefa, aksil guda mai ɗaukar nauyi kar ya wuce tan 11.5, mota mai aksil shida gaba ɗayanta da kayanta tan 51, a hau da ita sikeli a auna, in ta wuce a ci tara har a sa ka rage kaya. Ko a inda ba'a aunawa ma, ƙarin buhu ɗari da kake murna da kuɗinsa a sifirin da taya da burki zaka biya shi.

Yanzu haraji, wanda shi ne mutane suka fi tsoro kuma suka fi rashin sani a kai. In sunan kasuwanci kayi, harajinka na mutum ne, hukumar jiharka zaka biya, KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna, haka dai. In limited ne harajin kamfanin na tarayya ne, wajen hukumar da muka sani da FIRS wadda ta koma NRS bayan sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 suka fara aiki a Janairun 2026. Kamfani yana samun lambar harajinsa tare da rajistar CAC, ka tabbata tana aiki, don a sabuwar dokar kamfanin da ya ba mara rajistar haraji kwangila shi kansa tarar naira miliyan 5 ce a kansa, kaga babu wanda zai ɗauki wannan kasadar saboda kai.

Zaka ji ana cewa ƙananan kamfanoni an yafe musu harajin riba, gaskiya ne, amma mai tirela ya lura da sharaɗin. Ba cinikin shekara kaɗai ake dubawa ba, har da kadarorin kamfani, kar su wuce naira miliyan 250, kuma motoci kadara ne, a farashin yau 'yan motoci kaɗan masu lafiya sun haye wannan. Da ka fita daga sahun ƙanana harajin riba kashi 30 ne cikin ɗari, da wani ƙarin kashi 4 na raya ƙasa. Ka lura a kan riba ake lissafi ba a kan duk kuɗin da ya shigo ba, kuma nan ne rasit yake zama kuɗi, gas da taya da gyara da albashi da inshora duk ana cirewa kafin a lissafa, kuɗin sayen motar ma ana cire shi kaɗan-kaɗan cikin shekaru, amma abin da baka da shaidarsa ba za'a cire maka ba. Harkarmu kuma ta tsabar kuɗi ce, a ba direba kuɗi a leda ya tafi, bakanike baya bada rasit, toh dole ka canza wannan, ka dinga turawa ta banki, ka buɗe wa kowace mota fayil, ka samu akanta ko na wucin gadi ne yana zuwa duk wata. Ana shigar da bayanan harajin kamfani cikin wata shida bayan rufe shekarar kasuwancinka, kuma ko baka ci riba ba, ko kana cikin waɗanda aka yafewa, shigar da bayanan dole ne, rashin yi tarar naira 100,000 ce a watan farko da 50,000 duk watan da ya biyo baya. Da wannan ne kake samun takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da ake nema a kowace kwangila.

VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da ayyuka, kashi 7.5 ne, kuma dakon kaya yana cikin ayyukan da ake ɗora wa, in ka wuce sahun ƙanana. Kai zaka ƙara shi a takardar neman biyanka, ka karɓa daga mai kaya, ka miƙa kafin 21 ga watan da ya biyo baya, ba kuɗinka bane ko kwana nawa yayi a asusunka, kar ka sayi taya da shi. Sabuwar dokar ta buɗe ƙofar cire VAT ɗin da kai ka biya a kan kadarori da ayyuka daga wanda zaka miƙa, wannan ma sai da rasit mai sunan kamfaninka. Sannan in kana yi wa babban kamfani aiki zaka ga sun biya ka da ɗan ragi sun ce harajin da ake cirewa tun daga tushe ne, wannan ba asara bace, ajiya ce a wajen hukuma da sunanka wadda za'a rage maka a harajin ƙarshen shekara, amma sai ka bi ka tabbatar sun miƙa da lambar harajinka an baka shaida, masu motoci da yawa suna barin kuɗi masu yawa a nan saboda basu san nasu bane.

Na ma'aikata kuma, harajin albashi jiha ake kaiwa kafin 10 ga wata, kuma a sabon tsari naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji a kanta. In ma'aikatanka sun kai 15 fansho ya hau kanka, kai kashi 10 ma'aikaci kashi 8. Akwai kuma kashi 1 na jimillar albashi da ake biya NSITF, asusun da yake biyan diyya in ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, kuma in akwai sana'ar da take buƙatar wannan toh tamu ce, direba ya karye ko ya rasu a hanya iyalinsa su samu abin riƙewa ba sai abin da maigida ya ga dama ba.

Sai kuɗaɗen hanya, waɗanda kowa ya san su suka fi cin rai, masu sanduna da ƙusoshi daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan kowa da sitikarsa. Dokar haraji ta 1998 ta faɗa ƙarara cewa babu wanda aka yarda ya kafa shinge a hanya don karɓar haraji, ko da hukumar haraji ce. Hukumar haɗin gwiwa ta haraji ta taɓa fitowa da sitika guda ta zirga-zirga tsakanin jihohi da ake kira SIRTS, da kuɗin dako guda da ake biya a wajen lodi da wajen saukewa, ka tambayi ofishin kuɗin shiga na jiharka ko har yanzu ana aiki da su, in ana yi ka yi na gaske. Ba zan ce maka da ka manna ta babu mai tsare ka ba, ana tsarewa, amma mai sahihiyar takarda yana da bakin magana, kuma nan ne shiga ƙungiya yake da rana, NARTO ta masu motoci ce, in an tsare mota ba bisa ƙa'ida ba ofishinsu na jihar da abin ya faru zaka fara kira. Kowace jiha kuma da 'yan hanyarta, KAROTA a Kano, KASTLEA a Kaduna, LASTMA a Legas, da dokokinsu na lokacin shigar manyan motoci gari da gadojin da aka hana su hawa da inda aka hana fakin, direba ya tambayi 'yan uwansa a tasha kafin ya shiga garin da bai sani ba.

Wasu layukan suna da ƙarin nasu. Mai son ɗaukar kwantena a Apapa ko Tin Can sai yayi rajista a manhajar Eto da hukumar tashoshin ruwa ta NPA ta fara aiki da ita a Fabrairun 2021, ta nan ake samun layin shiga, kuma sai motar ta ci gwajin lafiyarsu an bata sitika, makullan da ke riƙe kwantena a kan bodi su kasance suna aiki duka huɗun. Mai tanka yana ƙarƙashin hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur, ga binciken rod sefti a daffo kafin a yarda a yi masa lodi, kuma tun 1 ga Maris 2025 an hana lodin tanka mai lita 60,000, bayan gobarar Majiya a jihar Jigawa a Oktoban 2024 da ta ci sama da mutum 150 da ta mahaɗar Dikko a jihar Neja a Janairun 2025, don haka kar a sayar maka da irin wannan tankar da araha ka ɗauka ka tsinci dami. Mai ɗaukar dabbobi daga Maigatari ko Potiskum ko Wudil ya karɓi takardar likitan dabbobi da rasit na kasuwa. Mai tsallaka iyaka ta Jibiya ko Illela ko Maigatari ya tambayi kamfanin inshorarsa katin inshora na ƙetare wanda ake karɓa a can, ya kuma tanadi takardun kwastan na kayan da na shigar motar na ɗan lokaci.

Kowane lodi kuma ya tafi da webil, sunan mai kaya, irin kayan, adadi, inda aka ɗauka da inda za'a sauke, da sa hannun wanda ya karɓa a ƙarshe, kuma ka ja wa direba kunne kar ya ɗauki kayan da bai ga cikinsu ba ko marasa takardar kwastan, don in aka kama haramtaccen kaya har motar ake riƙewa.

Ta wajen ajiya, takardun da doka ta ce su kasance a mota su zauna a mota cikin leda mai kyau, takardun kwastan na asali da na CAC su zauna a ofis, mota ta tafi da kwafi, sannan ka ɗauki hoton komai ka ajiye a wayarka da ta direba. Ka samu allo ko littafi ka rubuta lambar kowace mota da ranar mutuwar lasinta da inshorarta da takardar VIO da lasin direbanta, ka sa ƙararrawa a waya sati biyu kafin ranar, don takarda bata mutuwa sai mota tana Fatakwal da kaya a kai. In kuma aka kama motar da laifi na gaske, direba ya karɓi tikitin tara a rubuce da sunan laifin, ya turo maka hotonsa, tarar rod sefti ta banki ake biya ba a hannun jami'i ba, ka biya ka tura masa shaidar ya kai ofishin da aka ajiye takardun ya karɓo, kuma ya adana lambar gaggawa ta FRSC wato 122 a wayarsa saboda haɗari ko lalacewar mota a tsakiyar titi.